Za a Hau Sama

Ramalan bai gama cire takalmi ba mai unguwa Dodo ya nuna masa tabarma da haɓa, ko gaisuwa bai bari ta yi nisa ba. A gefe maƙwabcinsa Illi na zaune, ya ja rawani har bisa hanci yana kallon bango. Tun a nan Ramalan ya san ba kiran ɗaurin aure ba ne.

"Malam Ramalan, ƙararka aka kawo," in ji Dodo. "An ce kullum bayan magariba kana hawa soro da wani ƙarfe mai ido, kana saita shi cikin gidan mutane."

"Gidan wa?"

"Gidana," in ji Illi. Hausarsa ta Abzinawan da suka taso wajen Dannet ce, ba ruwanta da mace ko namiji. "Matana ya gan ka. Ɗiyana ya gan ka. Jiya ya bar wanka ya gudu ɗaki."

Ramalan ya ji kunya ta rufe shi har wuya. Ya haura sittin, kuma daga Tahoua inda aka haife shi har nan Arlit ba a taɓa haɗa sunansa da leƙen matan mutane ba. Idan maganar ta isa masallaci, ya san ba zai ƙara ɗaga kai a sahun gaba ba. Sannan za a hana shi hawa soron, wanda shi kaɗai ya rage masa tun da aiki ya ƙare.

Ƙarfen dai madubin awon ƙasa ne, mai ƙafafu uku, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana leƙawa a cikin ramin uraniyum na Akokan. Da aka rufe mahaƙar aka yi gwanjon tsofaffin kaya, masu hankali suka kwashi firij da tagogi, shi kuwa ya rungumo madubinsa ya kawo wa matarsa Bara'atu, wadda ta dube shi ta dubi abin ta koma kan tankaɗenta. Wata rana zaman banza ya ishe shi, ya saita shi kan wani tauraro mai haske. Sai ya ga ashe ba ɗigo ba ne, faifai ne, ga wasu ƙananan ɗigo huɗu jere kusa da shi. Washegari ya tarar sun sauya wuri. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya ce masa Mushtari ke nan, ɗigon kuma watanninsa ne, ɗaya ma ƙanƙara ce ta lulluɓe shi, ana zaton akwai teku a ƙarƙashi, har an aika na'urori suna kan hanya. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin ƙasa, shi ke nan sama ta kama shi.

Duk ya zayyana musu wannan.

"Tauraro da wata huɗu?" Dodo ya gyara zama. "Mu da ke da guda ɗaya kullum rigima muke kan ganinsa."

"In sama kake kallo," in ji Illi, "don me bakin abin yana kallon gidana?"

"Tauraron yamma shika yi, Illi. Kullum ƙara sunkuyawa shikai, kuma gidanka ne yamma da nau. Mi zan yi?"

Dodo ya ce gani ya kori ji, a haɗu bayan sallar magariba.

Yinin nan Ramalan bai iya cin abinci ba. Tsakiyar bazara ce, kuran kuma, wato wutar lantarki, ya yanke tun hantsi, wai ana gyara a tashar wuta ta Anou Araren. Bara'atu ta ajiye masa fura ta ɗauke ta yadda ta ajiye.

Bayan magariba su uku suka hau tsani, Dodo na haki yana ambaton Allah. Ramalan ya kafa ƙafafun madubin, ya nemo tauraron, ya ja baya. Dodo ya leƙa ya ce duhu kawai yake gani, sai da aka ce ya buɗe idon da ya dace ya rufe ɗayan. Ya sake leƙawa, sannan ya ce, "Ikon Allah. Kamar kaza da 'yan tsaki."

Illi ya sassauta rawani ya sa ido. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Wannan na san shi tun ina bin raƙumi," ya ce a hankali. "Ban san yana da iyali ba."

Ramalan ya saki numfashi. Amma Illi ya kama hannun rigarsa, ya juya shi, ya nuna masa ƙasa. Tun da ya fara hawa soron, yau ne Ramalan ya dubi ƙasa da niyya. Tsakar gidan Illi gaba ɗaya a buɗe take kamar tafin hannu: tabarmi, murhu, bokiti a bakin makewayi, zannuwa kan igiya. Haka gidan kudu, haka na arewa.

"Ƙarfe bai ga kowa ba, na yarda," in ji Illi. "Amma kai kana da ido."

Dodo ya yanke magana nan take. Ba leƙe, ba laifi, kuma duk wanda ya ƙara maimaita zancen da shi zai yi. Sai dai, ya ce, daga yau Ramalan ya riƙa yin abin da ko magini yake yi kafin ya hau katanga, ya ɗaga murya ya sanar, mata su kimtsa. Ramalan ya san al'adar sarai. Shekarun da ya yi a gidajen kamfani, inda rufi kwano ne ba mai hawa, su suka goge masa ita. Ya ba Illi hannu, Illi ya riƙe da hannu biyu.

Ya raka su ƙofa ya dawo da sauƙin zuciya. Madubin na can sama a kafe, tauraron kuma da sauransa kafin ya faɗi. Ta kan katanga yana jin matan da aka tsare a ɗaka saboda hawan su Dodo sun fito, ana jan tabarmi, ana dariya, wata na fifita wuta. Ya dafa tsani, ya gyara murya.

"Masu gida, a kimtsa! Za a hau sama!"

Dariyar ta yanke. Ya ji ana tattara kwanoni, ana kiran yara, ƙofofin kwano na rufuwa ɗaya bayan ɗaya, ba a gidan Illi kaɗai ba. Jim kaɗan jinjiri ya fara tsala kuka daga cikin wani ɗaki, wata tsohuwa na tari.

Bara'atu na zaune bakin murhu, ba ta ɗago ba. "Jinjirin Mina ne, matar Illi," ta ce. "Ɗakin nan nata, yanzu ko ƙwai ka aje ciki sai ya dahu."

Ramalan ya tsaya da ƙafa ɗaya kan tsani. An ba shi gaskiya, an ba shi izini, ba wanda zai ce masa uffan. Gobe ma haka zai kira su shige, jibi ma haka, har zafin ya wuce. Tausayi ya kama shi, da haushin kansa, da kuma baƙin cikin abin da zai bari. Ya sauke ƙafar.

"An fasa!" ya ce da ƙarfi. "A fito, an fasa."

Ya koma ya zauna kan turmi. Can ya ce zai roƙi Illi gobe da rana a sanar sau ɗaya, ya hau ya sauko da kayansa, shi ke nan.

Bara'atu ta dube shi ta ɗan jima. Ta ture itacen murhu, ta ɗaure zani, ta nufi tsanin.

"Ina za ki?"

"Ni in na hau, wa za ta gudu? Hwaɗa mini inda ake sa ido."

Ta hau tana mita kan gwiwoyinta. Wata daga gidan Illi ta hango ta, ta ɗaga murya tana tsokanarta, Bara'atu ta rama, aka kwashe da dariya. Daga ƙasa Ramalan ya yi ta kwatance: ta rufe ido ɗaya, kar ta taɓa ƙafafun, ta murza ɗan dunƙulen dama kaɗan kaɗan don tauraron ya gusa. Ta ce ba komai sai duhu. Ta sake cewa duhu. Sannan ta yi shiru.

"Bara'atu?"

"Ukku na gani. A'a, tsaya. Ga wani ya manne mishi a ciki."

"Ta wane gefe?"

"Malam, bari in gani mana," ta ce. "Ka duba mini tukunyar nan kar ta kama."