Wa Ya Kashe Ɗan Kwangila

Ruwan Agusta na dukan rufin kwano a Kubwa, Monica na karanta wa mijinta yadda aka tsinci gawar ɗan kwangila a bayan mota. Thaddeus ya kasa kunne, idanunsa da ciwon suga ya cinye suna fuskantar bango.

Mutumin nan fa, lokacin da yake darakta a ma'aikata, ko gaisuwa ta tsawaita sai ya ɗaga mata hannu ya ce ta taƙaita. Littattafan da take saye wurin masu talla a cunkoson motoci kuwa, shirmen mata yake kiransu, har a gaban baƙi. Yau ga shi, bawan Allah, ba abin da ya rage masa sai muryarta da wannan labarin binciken kisa da ta soma tun da makarantar da take koyarwa ta yi dogon hutu.

Ya shaƙu da labarin ba kaɗan ba. Ya zargi direba, ya zargi akawu, ya dawo ya zargi matar mamacin. Gobe kuma ƙaninsa Kure zai mayar da shi ƙauyensu bayan Bwari a gwada maganin gida. Can babu mai karanta Turanci, ita kuma ta riga ta ce ba za ta bi shi ba.

"Maman Divine, saura nawa?" ya tambayi matarsa.

"Babi ɗaya."

"To, bismilla. Don Allah a hankali."

Ya ji ta gyara zama. Ya ji takarda ta juya. Sai shiru.

Ya jira, ya yi gyaran murya. Takarda ta sake juyawa, ta kuma sakewa, da sauri da sauri. Can ta ja numfashi.

"Kai! Ashe!" in ji ta, ƙasa-ƙasa.

A nan ya gane karatunta take yi ita kaɗai, a gabansa. Zuciyarsa ta yi zafi, kunya ta rufe shi, amma ya haɗiye.

"Monica, wane ne? Suna kawai. Na roƙe ki."

Ta rufe littafin, ta saki wata 'yar dariya mai daɗi wadda rabonsa da jin irinta tun suna saurayi da budurwa.

"Ba za ka taɓa cankar shi ba," ta ce. "Ɗaga ƙafarka in jawo akwatinka. Riguna nawa zan saka maka?"