Ɗinyar Goggo Ba Ta Iso Ba

Rahina na cikin matse 'ya'yan itace a rariya wayarta ta yi ƙara. Alhaji Ma'aruf ne, maƙwabcinsu da ya sauka daga Kano da safe, yana ba da haƙuri. Ma'aikatan filin jirgi sun buɗe jakarsa, sun ƙwace ƙunshin sassaƙen ɗinya da surukarta Goggo ta aiko. Har rantsuwa ya yi musu cewa magani ne, ko kallonsa ba su yi ba.

Ta yi godiya, ta tsaya tana kallon jan ruwan da ke kwano. Wannan ba ɗinya ba ce, ta sani. Wasu 'ya'yan itace ne masu sheƙi da ta saya a babban kanti a Wendover, garin Turawan da suke zaune, wai su ne dangin ɗinya a nan ƙasar. Goggo ta gan su ta waya, ta taɓe baki, ta ce a riƙa ba ɗanta kafin ta ainihi ta iso. To ga ta ainihin a kwandon sharar Turawa.

Shawara ce ta kwantar da mijinta Sirajo. Idonsa ya yi rawaya kamar kwaiduwa. Mutumin da ke wuni yana lodin kaya a sito, yanzu kofi ma sai an riƙe masa. An hana shi mai, an hana shi nama, asibiti kuwa ba a ko ambatonsa. Kowa a gidansu a Funtuwa ya san mai shawara ba a yi masa allura. Mahaifinsa da hantsi aka yi masa ita, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Shi ya sa Goggo ta sa Sirajo ya yi mata alkawari, shi kuwa maganar uwarsa ba ta faɗuwa ƙasa.

Rahina ta roƙe shi, ta yi kuka, ta yi fushi, duk a banza. Abin da ya fi ba ta haushi, ita kanta da karatunta da komai, in ta tuna tsohon nan sai gabanta ya faɗi.

Ta kai masa kofin ɗaki. Ya ɗago ya dube ta kamar baƙuwa.

"Hauwa'u, kin ɗaure awakin nan kuwa?"

Hauwa'u yayarsa ce, tana can Funtuwa. Rahina ta saki kofin, ruwan ya zube a zanin gado. Ba ta san lokacin da ta kira motar asibiti ba.

A asibiti wata likita mai furfura ta yi mata bayani a hankali. Hantarsa ta kusa gazawa, dole a ɗebi jini a sa masa ruwa yanzu, kuma shi ba ya cikin hayyacin da zai amince. Ita ce matarsa, ita ake jira. Rahina ta waiga ko za ta ga wani babba da zai ɗauke mata wannan kaya, babu kowa sai labule. Ta tambaya ko zai tashi, likitar ta ce za su yi iyakar ƙoƙarinsu.

Rahina ta gyaɗa kai.

Ta kau da ido sa'ad da allurar ta shiga bayan hannunsa. Daga nan ta zauna tana kallon ruwan yana ɗiga, tana jin tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba, don ba ta san ko ceton sa ta yi ko ita ce ta kira masa ajali ba.

Wayar ta kama ruri, sunan Goggo a kai. Ta ɗaga.

"'Yar nan, saƙon ya iso? Ya sha?"

"Yana sha, Goggo."

"Alhamdu lillahi. Ki riƙe min shi da kyau, kada ki bari kowa ya ruɗe ku."

Sirajo ya motsa, yana neman buɗe ido. Rahina ta zare gefen mayafinta, ta rufe masa hannun.