Ɗinki Biyu a Kafaɗar Baba

Kafaɗar Baba ta dama ba ta da kunya. Sau goma sha tara ta goce a sanina, ban da waɗanda ya ɓoye. Tun da ya faɗo daga tsani yana fentin silin ta koyi yawo. Ya ɗaga burushi ta fita, ya miƙa hannu zai ɗauko hula ta fita, har atishawa ta taɓa fitar da ita.

Mai mayar da ita kuwa Umma ce, wadda ɗinki ne sana'arta. Da ta ji salatin Baba sai ta tsayar da keke, ta tuɓe takalmin dama, ta kwantar da shi a tsakar ɗaki, ta dasa diddige a hammatarsa ta ja hannun, tana wanke shi tas a kan taurin kai, har mu ji ƙas. Sannan ta koma kan kekenta tana hura hanci. Ni dai ban taɓa ganin su kusa da juna haka ba sai a irin wannan lokacin.

Gocewa ta ashirin a saman tsani ta same shi, da ƙyar ya sha. Mai ba shi aiki ya ce kada ya dawo sai da kafaɗar da ke zama wuri guda. Baba kuwa bai iya komai ba sai fenti, shi ya sa na tasa ƙeyarsu zuwa asibiti.

Likitan ya nuna mana hoto. Ya ce gurbin da kan ƙashin ke zama ba shi da zurfi, kamar faranti yake, guringuntsin da ya kewaye bakinsa ne ke tare ƙashin, shi ne kuwa ya yage. Ya tambayi wa ke mayar da ita. Umma ta gyara zama tana jiran yabo. Sai ya ce kowace gocewa da kowane ja irin nata ƙara yagar suke yi, saura ƙiris ƙashin ma ya fara cinyewa, don haka sai an yi tiyata. Garin neman gira dai an kusa rasa ido. Har muka dawo gida ba ta ce uffan ba, abin ya ba ni tausayi ƙwarai.

Bayan tiyata bakinta ya dawo. Ta ce a nuna mata ɗinkin, tun da ƙananan huda uku kawai ta gani a fata. Likitan ya nuna mata hotunan da 'yar kyamara ta ɗauka daga ciki: ga 'yan ƙusoshi a bakin ƙashi, ga zare ya jawo yagaggen guringuntsin ya ɗaure shi a mazauninsa.

"Ƙulli uku kacal?" in ji Umma. "Ko maɓalli na fi yi masa haka."

Likitan ya yi dariya, ya ce sati shida hannun na rataye, in aka ɗaga shi ɗinkin zai tsinke.

Hali zanen dutse. Kwana uku aka yi na kama Baba ya cire ratayar yana gwada wa maƙwabci yadda ake riƙon burushi. Umma ba ta yi faɗa ba. Rigunansa ta kwaso kaf, ta ɗinke hannun dama na kowace a jikin rigar, daga hammata zuwa gwiwar hannu, layi biyu.

"Malam, na likita ban sani ba," ta ce, "amma nawa ba ya tsinkewa."

Haka Baba ya yi sati shida kamar kazar da aka ɗaure wa fiffike, yana gaisawa da mutane da hagu yana ba su haƙuri. Da wa'adi ya cika ta farke ɗinkin da reza, aka shiga watannin motsa hannu, kullum yana jan yatsu a bango kaɗan-kaɗan yana mita.

Ranar da likita ya ba shi izini, Baba ya ɗauki burushi ya tsaya a ƙofar ɗaki. Ya ɗaga hannun a hankali har burushin ya wuce saman ƙofa, ya shafa, ya sake shafawa. Ba salati, ba ƙas.

Na juya zan yi wa Umma murna, sai na ga ta riga ta tuɓe takalmin dama, tana tsaye da ƙafa ɗaya a siminti.

Baba ma ya gani. Ya sauke hannunsa.

"Sa takalminki," ya ce. "An sallame ki daga aiki."

Shi ne ya durƙusa, ya ɗauki takalmin da hannun dama ya sa mata.