Rabin Kwalin Sukari

Idan Mounkaila ya yi minti uku bai motsa ba, sai fitilun su mutu. Haka aka tsara ginin, ba ya ɓarnar wuta a inda babu kowa, kuma a ganin ginin dattijon da ke zaune shiru kan benci ba kowa ba ne. Da farko Mounkaila yakan kaɗa hannu hasken ya dawo. Daga baya ya gaji da roƙon ƙwan fitila, ya riƙa zamansa cikin duhun hawan ƙasa da rana tsaka.

Shekara ashirin da shida ya yi yana gadin babura a nan gefen kasuwar Arzèkè ta Parakou, tun wurin yana fili mai darbejiya biyu. Sai wani kamfani ya tayar da ginin ajiye motoci mai hawa uku. An shimfiɗe rufinsa da farantan hasken rana, ruwan sama yana gangarawa tanki a wanke daɓe da shi, a ƙofa kuma ga kyamara mai karanta lambar abin hawa ta ɗage sandar da kanta. Kowane gurbi da 'yar fitilarsa a sama, ja in da kaya, kore in babu. Gini ne mai kyau, kada a yi masa ƙarya, har iska yake sha. Sun riƙe Mounkaila, suka ba shi riga mai tambari da tsintsiya. Gaisuwa kawai suka raba shi da ita, don mutum zai shigo ya danna waya ya fice, ko kallon benci bai yi ba.

Da can kwalin sukari yake yagewa biyu da hannu, ya ba mai babur rabi, ya riƙe rabi. In ka dawo a haɗa bakin yagar. Ta zauna, ka ɗauki abinka. Ba ta zauna ba, ko limamin gari ne kai sai ka koma ka nemo. Kakansa mai masaukin fatake ne a Djougou, yakan riƙe wa baƙo jaki da kaya har shekara ta zagayo, ba ya miƙa su sai ga wanda ya zo da shaida. Wannan ne gadon Mounkaila, bayan shi ko kaza ba a bar masa ba.

Mutum ɗaya ne ya ƙi rabuwa da kwalin bayan an buɗe ginin, wato Sanoussi, dillalin shanu daga Djougou. Duk Alhamis yakan shigo da jan baburinsa, ya ajiye a gurbi na arba'in da bakwai, ya miƙo hannu.

"Yago min kwalina. Wannan na'urar ba ta san ni ba, kai ka san ni."

Sai su raba goro su zauna. Sanoussi da hannu yake magana, saniya ɗaya sai ya kwatanta ta tun daga ƙaho har wutsiya, don haka muddin yana nan fitilu ba sa mutuwa. Matar Mounkaila ta rasu, 'ya'yansa suna Cotonou, ɗakinsa na unguwar Guéma ba mai leƙawa. Alhamis ɗin nan ita ce duk hirarsa ta mako.

Wata Alhamis Sanoussi ya zo yana dafe da kai, ya ce jiri yake gani, ba zai iya tuƙi har Djougou ba, mota zai hau. Ya karɓi rabin kwalinsa ya soke a hula, ya ce sai mako mai zuwa. Mako ya zo bai zo ba. Wayarsa ta yi ta ƙara ba a ɗauka, daga baya ma ta daina shiga.

Dokar ginin ita ce duk abin hawan da ya kwana talatin bai motsa ba, hukuma ta zo ta kwashe. Mounkaila ya zauna ya yi wa na'ura dabara irin ta mutan da. Da yake Sanoussi bai taɓa kulle wuyan babur ba, duk Alhamis sai ya goge shi tas, ya tura shi har ƙofa, sanda ta ɗage, ya zaga da shi ta bayan masu doya, ya dawo da shi gurbinsa yana haki. Wata biyar yana haka, har ya fara jin ya fi ginin wayo.

Latifa, matashiyar da ke kula da wurin, ita ta sauko ta same shi.

"Baba, kyamara tana ganinka fa. Tun watan farko nake ganinka, shiru na yi."

"Amana ce, 'yata."

"Na sani. Amma patoron, maigidanmu, ya gani shi ma. Ya ce ran Litinin ko mai moto ya zo ya ɗauki baburinsa, ko a kai shi furiyar, inda hukuma ke tara su. Ka yi haƙuri, ba ni da yadda zan yi."

Tsoro ya kama shi, ba na rasa aiki ba. Tsoronsa kada Sanoussi ya shigo wata rana ya ciro kwali daga hula, shi kuma ya rasa abin da zai miƙa masa. Ran Asabar ya nemi izini, karo na farko tun da aka buɗe ginin, ya hau motar Djougou da rabin kwalin a aljihun gaba.

A kasuwar shanu aka kwatanta masa gidan. Ya yi sallama a zaure, wata mata ta amsa daga bayan labule, ta ce ita ce Salamatu, matar Sanoussi, takaba take yi. Yau kwana arba'in da uku.

Mounkaila ya zame ya zauna a ƙasa. Ya yi salati, ya yi addu'a, ya faɗi sunansa.

"Malam Mounkaila na Arzèkè?" in ji ta. "Ai har ranar da ya cika yana ambatonka. Sai dai kun yi saɓani da ɗanmu Abdulnasir, da safen nan ya tafi Parakou ɗauko moton."

"Ba za a ba shi ba sai ina nan."

Sai hannunta ya fito ta ƙarƙashin labule ya ajiye wani abu a kan tabarma.

"Mahaifinsa ya ce kada a taɓa moton sai an kawo maka wannan hannu da hannu. Na ba yaron, ya yi dariya, ya ce yanzu makulli da telefon sun isa."

Rabin kwali ne, ya yi laushi da zufa, ya ɗauki lanƙwasar hula. Mounkaila ya ciro nasa ya haɗa a kan gwiwarsa. Yagar ta zauna daidai, ko gashi ba zai ratsa ba. Ya daɗe yana kallonta, hawaye na bin gemunsa, har Salamatu ta tambaya ko yana nan.

Washegari da hantsi ya shiga ginin, fitilu suna kunnuwa ɗaya bayan ɗaya a gabansa. A saman gurbi na arba'in da bakwai 'yar fitilar ta koma kore. Ba abin da ya rage sai ɗigon baƙin mai a daɓe. Latifa ta leƙo daga matakala da fara'arta.

"Baba, an huta! Mai moto ya zo jiya, ko minti biyu bai yi ba."

"Ya tambayi wani?"

"Wa zai tambaya? Komai ya tafi daidai."

Ta koma sama. Mounkaila ya jingine tsintsiya, ya zauna kan benci da kwalin biyu a tafin hannunsa. Bayan minti uku ginin ya duba bai ga kowa ba, ya kashe wuta.