Motar da Za Ta Kai Baba Gona

Ni dai ba makanikiya ba ce, man inji da giris nake sayarwa a bakin garejin Baba. Amma wanda ya tashi a gindin mota, ko bai iya ɗaure noti ba, ya san kukan inji mai lafiya. Ni ce babba a gidanmu. Daga ni sai Dogo, wanda ya gaji garejin, ya haɗa da zafin hannun Baba. Sai Auta, wanda ya bar mu ya koma wani babban kamfanin gyaran motoci, inda ake ba su riga mai tambari a ƙirji kamar 'yan makaranta. Su biyun nan shekara da shekaru ba sa ga-maciji da juna.

Abin da ya haɗa su bai taka kara ya karya ba. Wata rana Auta ya manta bai ƙarasa ɗaure notin taya ba, Dogo ya sharara masa mari a gaban mai motar da matar mai motar. A lokacin Auta magidanci ne har da ɗansa. Ya ajiye sifana a ƙasa, ya goge hannu, ya fita. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kuka, duk a banza. Kan su biyun ɗaya ne, ƙarfe ya fi su laushi.

Ana nan sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Baba. Hannun hagu ya mutu, harshe ya yi nauyi. Likita ya ja ni gefe ya ce zuciyar tsohon ta gaji, duk abin da yake so a yi masa tun da wuri. Abin da yake so kuwa ɗaya ne: a kai shi gonarsa ta bayan dutse ya ga itatuwan da suka dasa shi da marigayiya Inna. Ruwa ya daɗe da cinye hanyar, ba motar da ke hawa. Sai ya nuna tsohuwar a-kori-kurarsa da ke ƙarshen gareji a ƙarƙashin tamfol, wadda kaji suka mayar gidan ƙwai.

"Ku biyu za ku tashe ta," in ji shi.

Ban buƙaci a yi mini fassara ba. Gonar rabin maganar ce. Baba so yake ya ga 'ya'yansa sun shirya kafin ya rufe ido.

Su kuwa, ja'irai, sai suka shirya masa wasan kwaikwayo. In sun shiga ɗakinsa su zauna a benci ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa. Dogo ya ce ƙanena ya kawo shawara kaza, Auta ya ce ai Yaya ya riga ya duba wannan. Baba ya yi ta murmushi da rabin bakinsa mai motsi. Da sun fito ƙofa, wannan ya yi gabas wannan ya yi yamma. Ranar da Auta ke hutu ya zo gareji, ranar ce Dogo ke tuna yana da sayayya a kasuwar kayan mota. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ganin tsohon ya fara cin abinci ya sa na ja bakina na yi shiru.

A ɗakin Baba aka zaɓi kamshaf, wato sandar ƙarfen nan mai ƙulu-ƙulu da ke buɗe wa inji hanyar numfashi. Kowa ya zo da nasa a naɗe cikin tsumma, aka shimfiɗa su a kan gado. Na Auta sabo fil, sai sheƙi yake, ya ce in aka taka mota da shi za ta yi ruri ta tashi kamar ta bar ƙasa. Na Dogo ba shi da kyan gani, amma ya ce tun inji na ƙasa-ƙasa zai fara ja. Baba ya rufe ido, ya bi ƙulu-ƙulun da babban yatsansa mai lafiya, ɗaya bayan ɗaya, yadda ake shafa kan jariri. Ya ce ba tsere za mu je ba, hawa za mu yi, ya tura na Dogo gaba. Don kada Auta ya ji an kayar da shi, sai ya ce manyan tayoyin da Autan ya kawo su za a saka.

To babbar taya ɓarauniyar ƙarfi ce, haka Baba ke faɗa tun muna yara. In ka saka ta, dole ka canza giyar da ke cikin aksil, wato ƙarfen da ke haɗa tayar dama da ta hagu, ka sa mai haƙora da yawa, in ba haka ba mota ta zama raguwa a kan tudu. Nan tsohon ya yi rabon aiki: aksil na baya na Dogo, na gaba na Auta. Sai daga baya na gane dabararsa. Motar da ke ja da ƙafa huɗu, dole giyar gaba da ta baya su zo daidai, ba ƙari ba ragi. Ba yadda za a yi wannan aiki ba tare da mai gaba ya tambayi mai baya ba. Baba ya ɗauka ya ɗaure su da igiyar da ba za su iya kwancewa ba.

Allah sarki, bai san irin 'ya'yan da ya haifa ba. Dogo ya shiga kasuwar tsofaffin kaya ya samo aksil na wata babbar mota, kauri kamar cinyar bijimi, ya buɗe ya ga haƙoran sun yi masa, ya ɗaura. A ransa duk makaniken da ya san aikinsa irin wannan giyar zai zaɓa wa tayar nan, in kuma yaron yana shakka, shi ne ƙarami, ya zo ya tambaya. Auta ya yi lissafinsa a waya, ya sa aka kawo masa giya sabuwa a kwali, ya ɗaura a gaba. Shi ma a ransa lissafi ɗaya ne a duniya, kuma wanda ya yi mari shi ya kamata ya fara buɗe baki. Kowa aikinsa ya yi kyau, ba makusa. Dogo ya zaga gari da motar tana ja da ƙafafun baya kawai, ya dawo yana washe baki.

Ranar tafiya muka yi wa Baba wanka, na sa masa rigar da yake so. Muna ɗaga shi za mu sa a mota sai ya tsayar da mu, ya tambaya ko sun yi alli. Wannan tsohuwar ƙa'idar garejinsa ce: a ɗaga mota a kan jak, a sa alli a tayar gaba da ta baya, ɗaya ya tsuguna a gaba ɗaya a baya, a juya, kowa yana faɗa wa ɗan'uwansa inda allinsa ya kai, don a ga ko juyinsu ya zo daidai. Aikin minti kaɗan ne, amma mutum ɗaya ba ya yin sa.

"Mun yi, Baba," suka ce, baki ɗaya.

Dogo ke tuƙi, Baba a tsakiya an tokare shi da matasai, ni a bakin ƙofa, Auta a baya. Wallahi ban taɓa ganin tsohon cikin farin ciki irin na safiyar nan ba tun rasuwar Inna. Da muka bar kwalta muka shiga burji, injin ya riƙa ja a hankali ba haki ba tari, Baba yana buga yatsa a gwiwa yana bin kukansa. Har tsokanata ya yi, wai man da nake sayarwa ne bai amince da shi ba, ban da haka motar nan sai ta kai shi ƙarshen duniya. Na ce to ya sauka ya tura. Ya yi dariya har da tari.

A gindin dutsen Dogo ya tsaya. Auta ya diro ya kulle tayoyin gaba da aksil don su ma su riƙa ja, Dogo ya sa giyar taimako, muka fara hawa. Wurin dutse ne tsantsa, ba yashin da taya za ta sulɓe ta huta. Ba mu yi nisa ba motar ta fara tsalle-tsalle. Tayoyin gaba na son gudu, na baya na riƙe su, roba na ƙara a kan dutse, sitiyari ya ƙage a hannun Dogo. Wani gurnani ya taso daga ƙarƙashin kujerarmu. Na ga yatsan Baba ya daina motsi a kan gwiwarsa. Dogo ya ƙara taka mai, sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga, motar ta girgiza ta tsaya. Shaf ɗin da ke kai ƙarfi gaba ya tsinke, yana lilo yana bugun ƙasa.

Dogo ya fita, Auta ya zagayo, suka leƙa ƙarƙashi kowa ta ɓangarensa. Baba bai ce a nuna masa komai ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sauraron ƙarfe, me za a nuna masa? Ya jira har suka miƙe suka zo bakin taga.

"Ba ku yi allin ba," ya ce.

Ya dubi Dogo, ya dubi Auta.

"Ashe ko magana ba ku yi."

Hawaye ya zubo masa ta ido ɗaya, na sa gefen mayafina na share. Daga inda muke ana hango kan itatuwan, kore shar, a bayan tudun. Auta ya durƙusa a kan dutsen nan yana kuka, ya ce zai goya shi, ai saura kaɗan. Dogo ya ce shi zai ɗauke shi, ya fi ƙarfi. Ko a nan ɗin ma kowa Baba yake wa magana, ba wanda ya dubi ɗan'uwansa. Tsohon bai kalli ko ɗayansu ba. Ya juyo gare ni.

"Uwata, ce musu su mayar da ni gida."

Auta ya shiga ƙarƙashi ya kwance guntun shaf ɗin ya jefa a baya. Muka gangaro da baya-baya har inda za a iya juyawa. Muka kama hanyar gida. Na yi niyyar in wanke su tas da zagi, amma da na buɗe baki sai na ji ba abin da ya rage a ciki.

Daga ranar Baba bai ƙara ambaton gona ba, bai kuma yi musu faɗa ba, wanda da ya yi da ya fi mini sauƙi. Abu ɗaya ya sa ni in yi. Ya ce in fitar da bencin nan daga ɗakinsa in kawo kujera guda, kuma in gaya wa yaran su daina wahalar da kansu, Dogo ya riƙa zuwa da safe, Auta da yamma. Na ce Baba ka ƙara musu lokaci, za su shirya. Ya girgiza kai, ya ce shi ne ba shi da lokacin.

Suka bi umarninsa sau da ƙafa, abin da ba su taɓa yi ba. Dogo ya zo da safe ya juya shi ya shafa masa mai a baya. Auta ya zo da yamma ya yanke masa farce ya ba shi magani. Ba a yi wata guda ba Allah ya karɓi abinsa. Da rana tsaka ne, Dogo ya riga ya tafi gareji, Auta bai tashi daga aiki ba. Ni kaɗai ce a ɗakin, ni na rufe masa ido.