Ɗakin Don Evaristo a Kan Sikeli

Shekara goma sha tara ina auna motocin alkama a sikelin ƙungiyar manoman garinmu, amma ban taɓa auna abin da ya tsaya min a rai kamar ɗakin Don Evaristo ba. Tsohon kafinta ne. Ya ƙera ɗan ɗaki mai taya biyu da zai ɗaura a bayan motarsa, ya kai matarsa Doña Nélida bakin teku. Likita ya ce idonta ba zai kai lokacin sanyi ba, wanda a wajenmu ke shiga cikin Yuni, ita kuwa ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin bayan gari ba.

Kilo ɗari biyar motar ke iya ja. Ranar farko, cikin Janairu, sikeli ya nuna ɗari tara da tamanin. Da na leƙa sai na ga dalili: gado, kabad, teburi, har daɓe, duk katakon algarrobo ne mai nauyin tsiya. Na ce ya sa katako mara nauyi kamar kowa, ya harare ni kamar na zagi ubansa. Wai shi bai taɓa ƙera abin da zai riga shi mutuwa ba.

Daga nan duk Asabar sai ya zo. Yau ya cire murhun gasa nama, wani satin kabad. Aikin da zarto zai gama a kwana uku ya ja shi wata huɗu, don kowane katako sai ya kwance shi a hankali, ya goge, ya adana. Haushi kamar ya kashe ni. Doña Nélida dai tana mota da ƙoƙon shayinta na ganyen mate.

Wata Asabar cikin Mayu, yana can yana gyara wa ɗakin zama a kan sikeli, sai ga ta ta shigo ofishina tana lalube bango.

"Griselda, 'yata, nawa ya nuna?"

Na ce ɗari huɗu da casa'in, jibi ma sai su kama hanya.

"Ƙara masa hamsin," in ji ta. "Tun Maris hasken ya tafi, ko fuskarsa ba na gani. In ya kai ni can, tsayawa zai yi yana kallona ina yi masa ƙaryar ina ganin tekun. Ba zan iya ba."

Tausayi ya kama ni, na rasa na wanda zan fi ji. Ban taɓa yi wa sikelin nan ƙarya ba. Na buɗe taga na ce masa ɗari biyar da arba'in.

Ya cire hula, ya daɗe yana duban ɗakin, ya ce to saura ƙofa da daɓe. Sannan ya zo ya kama hannunta, yana ba ta haƙuri ta ƙara masa sati biyu.

"Yi a hankali, tsoho," ta ce. "Ba sauri nake ba."