Ranar Da Baba Kalla Ya Durƙusa A Madawa

Ai gonar ta zauna hannunshi, Yaya Sauda, Maigari ya bar mishi ita. Baba Kalla nike hwaɗa miki, tsohon sojan ga da ya dawo yaƙin Nasara da balo, ƙwallon ƙahwa ke nan, cikin jikka da gwiwa mai ciwo. Tsaya in goya ɗiyar ga in ba ki labarin tun tushe.

Garin Urno ya hwara koya ma samari ƙwallo, sunka sallame shi. Ya koma Azarori, can ma damana guda. Da ya iso garinmu Galma ya gaji da ɗaukar tabarma gari gari. Maigari ya ara mishi gona, ya ce kumandan na son samarinmu su buga da sojan barikin Madawa ran buki. In Galma ta sha kunya, Kalla shi ɗauki jikkarshi.

To samarinmu duk ƴan kokowa ne. A kokowa kuwa, wanda gwiwarshi ko hannunshi ya taɓa ƙasa an kada shi, sai ya kakkaɓe jiki ya hita hili kai sunkuye. Haka suke yi ma ƙwallo, kamar dai na Urno da Azarori. Kahin rana ta yi sanyi mutum huɗu sunka rage a hili, saura na zaune gindin gawo.

Kalla ya yi kira har muryarshi ta dushe. Ko maigidana Tanko bai raga mishi ba.

"Tanko, dawo, ba wanda ya kada ka."

"Baba, kowa ya gani. In koma in ce mi?"

"Ka ce santsi ne."

"Santsi ba ruwa, Baba?"

Sai Kalla ya zamna bisa turmi shina murza gwiwa. Geron da ya shibka ya hwara hidda kai, shina dubanshi shina tunanin wa za ya yanke shi.

Ran buki sunka taka har Madawa. Soja na da takalma, namu ƙahwa tsirara. Kalla ya san turewa guda ta isa, samarinshi za su zube waje ɗaya bayan ɗaya. Shi ma fa ɗan kokowa ne da ƙuruciya, tsohhin ƙasar Adar sun shaida ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Ya ɗingisa har tsakiyar hili, gaban jama'a, ya sa gwiwa biyu ƙasa, ya dahwa hannuwa. Sai ya juyo wajen samarinshi.

"Kowa shi yi yadda na yi."

Sunka dubi juna. Amma tsoho na durƙushe, wa za ya tsaya bisa kanshi? Sunka durƙusa suna gunaguni.

"To, an kada ku duka, har ni. Ba sauran abin da kuke tsaro. Ku tashi ku buga."

Shi kam tashin ya gagare shi, sai da Tanko ya cicciɓe shi.

An ci mu uku, mun ci ɗaya. Wani soja ya yi gaba da Tanko har ya sha ƙasa. Ya miƙe ya nuhi waje, ƙahwa ta saba, sai ya hangi ƙasa a wandon Baba Kalla, ya juyo da gudu. Ɗayan nan shi ya zuba ta, uban ɗiyata.

Maigari ya ce an ci mu, amma ba wanda ya bar hili, Kalla shi yanke geronshi ya gina rumbu. Baba ko murmushi bai yi ba. Ruwan ɗumi ya roƙa ya gasa gwiwa, ya ce Nuhu mai tsaron gida har yanzu bai yarda ya kwanta ma balo ba, da sauran aiki. Bisa jakin aro anka maido shi, shina gyangyaɗi.

Don Allah ki kai ma Inna Cima labarin ga, ki ce mata ɗanta Tanko ya hwaɗi gaban mutane kuma ba abin kunya ba ne. Ita ma ta gaya ma na Urno.